Kar-Ka-Danna, Mai Gyaran Waya

A layin masu gyara da ke bayan tashar mota, kusa da rumfar mai takalmi, akwai wani ɗan shago da ba ya ɗaukar mutum uku a tsaye, balle in ɗayansu mai jiki ne. A nan wani dattijo ya yi shekara talatin da ɗoriya bisa kujerar katako ɗaya, wadda ya ɗaure ƙafarta da wayar lantarki. Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa. Duk layin Kar-Ka-Danna suke ce masa, shi ma yana amsawa ba tare da ya ɗago kai ba.

Da gyaran rediyo ya fara, a hannun kawunsa. Har yau in aka taɓo zancen sai ya gyara zama ya ce rediyo halitta ce mai mutunci, in ciwo ya kama ta sai ta yi ƙara ta nuna maka wurin. Da rediyo ta fara ja baya, ƙananan wayoyi masu madanni da tocila a ka suka cika gari, bai yi wata-wata ba ya sayi guda, ya kwance ta gaba ɗaya a kan tebur, ya mayar, sukurori biyu suka rage, ta kuma yi aiki. Daga ranar ya zama mai gyaran waya. Waɗannan wayoyin ya so su ƙwarai. Yadda ka saye ta haka za ta zauna har ranar da za ta faɗa bokitin wanki, kuma ko ta faɗa ɗin, shi dai a kawo masa ita da burushi da ɗan sufirit.

Sai aka fara shigo da masu gilashi, waɗanda ba su da madanni, sai dai a shafa. Da farko bai ji tsoronsu ba. Ya gane cewa ƙarfe da gilashin jiki ne kawai, akwai wata aba a ciki da ake kira manhaja, ita ce ke tafiyar da komai, ita ta san inda lambobi suke da inda hotuna suke. Abin da bai sani ba shi ne wannan manhajar ba ta zama wuri ɗaya. Kamfanin da ya yi ta yana can wata ƙasa yana ta sake mata fasali, yana aiko da sabuwa ta iska.

Wata Laraba da hantsi wani hedimasta ya shigo da irin wannan wayar, tana ƙyalli kamar sabuwa, a naɗe cikin hankici. Abin da ya kawo shi bai taka kara ya karya ba, so yake a liƙa mata gilashin kariya. Ya ajiye ya tafi aski. Mai gyara ya liƙa, ya goge, yana cikin sha'awar aikinsa sai wani saƙo ya faɗo a fuskar wayar da Turanci. Ɗan Turancinsa ya ishe shi ya gane cewa an fito da sabuwar manhaja, ta fi ta da kyau da sauri, kuma kyauta ce. Ya ce a ransa bari ya yi wa malamin makaranta alheri. Ya danna.

Wani ɗan layi ya fara cika a hankali. Bai lura ba cewa batir ɗin saura ƙiris, ga shi an ɗauke wuta tun safe. Layin ya kai rabi, wayar ta yi ɗif. Da aka samu aka kunna ta, sai ta nuna tambarin kamfani ta tsaya, ta mutu, ta sake nunawa, kamar mai sallama a ƙofar gidan da ba kowa.

Hedimasta ya dawo da sabon aski yana ƙamshin hoda. Ya saurari bayani har ƙarshe, hannuwansa a baya. A cikin wayar akwai lambobin iyayen yara kusan ɗari huɗu da hotunan ranar da 'yarsa ta gama karatu. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya dube shi ta saman tabarau, irin duban da yake wa ɗalibin da ya fasa tagar aji, ya ce, "Malam, gilashi na ce ka liƙa min. Wa ya ce ka danna?"

Kwana uku mai gyara yana yawo da wayar, har ya samu wani mai kwamfuta a ɗaya ƙarshen gari da ya sake zuba mata manhaja. Ta tashi, amma fes, ba ta san kowa ba. Washegari ya samo kwali ya rubuta da babban baƙi ya rataye a saman teburinsa: IN TA CE KA SABUNTA, KAR KA DANNA. Kuma duk wanda ya karɓi wayarsa, sai ya riƙe masa hannu ya maimaita masa da baki. Kafin wata ya ƙare sunan ya bi shi.

Shekarun da suka biyo baya ya yi su ne yana rigima da mutanen da ba su san da zamansa ba. Kowace shekara kamfanin sai ya fito da sabuwar manhaja, ya sa mata sunan wani kayan zaƙi na can ƙasarsu, wanda duk layin ba wanda ya taɓa ɗanɗanawa. Mai takalmi, wanda ba shi da aikin da ya fi tsokana, sai ya leƙo da allura a baki ya ce, "Maƙwabci, bana me suka dafa?"

"Alewa ce dai kamar kullum. Kamfanin da ke sa wa kayansa sunan alewa ai yara yake nema."

Shi nasa sunayen yake sa musu. Akwai wadda ya kira Mai Shan Batir. Akwai Ɓoye-Tocila, domin a shekararta mutum bakwai suka zo masa a mako ɗaya suna cewa tocilarsu ta lalace, alhali wuri kawai aka sake mata. Akwai shekarar da aka kankare wa duk hotunan kan fuskar waya ƙyalli da inuwa, suka koma shafal, ya ce an yi musu guga. Wadda ta fi ba shi haushi ita ce 'Yar Tambaya, wadda ba za ka buɗe komai ba sai ta ce ka yarda a ga hotunanka, ka yarda a san inda kake. "Ko surukata ba ta yi min wannan binciken ba," in ji shi. Da kamfanin ya daina sunayen zaƙi ya koma lamba, ya tara mutane ya sanar da su cewa ciwon suga ne ya kama su.

Ranar da aka cire 'yan alamomi ukun nan na ƙasan waya, aka ce yanzu sai dai ka ja yatsa daga gefe in za ka koma baya, ya rufe shago da wuri. A cewarsa, shi bai yi shekara da shekaru yana riƙe ƙarfen dalma ba don a ƙarshe ya koma shafa waya kamar mage.

Sai dai akwai abin da mai takalmi kaɗai ya sani, domin katangar da ke tsakaninsu ta langa-langa ce kuma tana da huji. Da tsakar rana, in layin ya yi shiru, Kar-Ka-Danna yakan jawo durowarsa ta ƙasa, inda wayoyin da masu su suka manta da su suke. Sai ya zaɓi guda, ya cika ta da caji, ya waiga hagu da dama, ya danna. Yakan zauna ya bi sabuwar manhajar lungu-lungu har ya san inda aka kai kowane abu. Shi ya sa samarin da ke yabon sabbin abubuwa, in sun rikice, wurinsa suke zuwa. Zai gyara musu cikin minti biyu yana zagin kamfanin, su tafi suna mamakin yadda mutum zai ƙi abu haka kuma ya san shi kamar shi ya haife shi.

Tasa wayar kuwa, wadda mijin babbar 'yarsa ya ba shi, ba ta taɓa ganin sabuntawa ba. Wani ɗan jan ɗigo, alamar cewa akwai sabuwar manhaja, ya yi shekara biyu a kanta yana jira, shi kuma yana wuce shi kamar bai san shi ba.

A gida ba a bin dokar kwalin. Matarsa tela ce, kekenta na ɗinki na tsakar gida ƙarƙashin rumfa, kuma ita ranar da saƙon sabuntawa ya zo ranar take dannawa, wani lokaci ma a gabansa. Da wayar take aika wa masu ɗinki hotunan samfuri, da ita take ganin jikokinta. In ya fara wa'azi sai ta ce, "To, Malam, na ji," ƙafarta ba ta bar keken ba. Abu ɗaya ne ta bar masa tun suna amarci, shi ne zura mata zare a allurar keke. Ba don ba ta iya ba. Yana jin daɗin ya yi a karo ɗaya ya ce, "Idon mai gyara ke nan."

Idon ne ya fara ba shi kunya. Da farko rubutun waya ya riƙa yi masa hazo-hazo, ya ce ai sabuwar manhaja ce ta sirance baƙaƙe. Daga baya ya ƙirƙiro dabara. In saƙo ya fito a wayar wani, sai ya miƙa masa ya ce, "Karanta min in ji ko ka iya Turanci." Sukurori suka fara ɓace masa a kan tebur, yana lalubensu da tafin hannu yana waƙe-waƙe don kar a gane. Saƙonnin da matarsa ke turo masa na cefane kuwa, kullum sai ya ce sabis ne ba kyau.

Wata safiya ta miƙo masa zare kamar yadda ta saba. Ya durƙusa gaban keken, ya lashi bakin zaren, ya kai. Bai shiga ba. Ya sake, ya sake. A karo na biyar ya miƙe yana kaɗe gwiwa.

"Maman yara, zaren nan na bana ba shi da kyau."

"Haka ne, Malam," ta ce. Ta jira sai da ya fita sannan ta zura abinta. Daga nan ta kira babbar 'yarsu, wadda ma'aikaciyar jinya ce.

'Yar ta zo ranar Lahadi. Da ta ambaci asibiti sai ya ce shi idonsa ƙalau, har yana iya ƙirga mata ƙudajen da ke kan igiyar shanya. Babu ƙuda ko ɗaya a kan igiyar, maƙalan shanya ne. Uwa da 'ya suka dubi juna. Bayan an ci abincin rana ya kishingiɗa a ɗaki, barci ya kwashe shi, wayar na kan cikinsa tana hawa tana sauka. Matar ta shiga da sanɗa ta ɗauke ta. Suka sa ta a caji, suka zauna suka tsare ta kamar masu jinya har ta cika, sannan uwar da kanta ta sa yatsa ta danna jan ɗigon. Da aka gama, 'yar ta shiga ciki ta ƙara girman rubutu har ƙarshe, ta kunna abin da ke karanta saƙo da murya, ta mayar masa a kan ciki.

Da la'asar suka ji salati daga ɗaki. Ya fito ba hula, wayar a hannu.

"Wa ya taɓa min waya?"

"Ni ce," in ji matar, tana warware wani ɗinki.

"Kika danna?"

"Na danna."

"A gidana? Ni da mutane ke zuwa daga wata unguwa su ji shawarata?"

"Baba, ba abin da ya ɓace," in ji 'yar. "Duba ka gani, lambobinka na nan."

Ya duba. Abin haushin shi ne ya gani ɗin. Sunayen sun fito manya-manya kamar allon tasha, karo na farko cikin wata shida da ya karanta sunan ƙaninsa ba tare da ya kai wayar bakin hanci ba. Sannan ya ce an ci amanarsa, ya koma ɗaki. Kwana biyu yana amsa gaisuwa da ka, amma bai bar ko loma a kwano ba.

Ranar Talata shagon ya cika. Direbobi biyu na jiran caji, wata mai sayar da atamfa na jiran a sake mata gilashi, mai takalmi ya jingina a bakin ƙofa. Kar-Ka-Danna na tsakiyar ba su labarin yadda kamfanoni ke lalata wayoyin mutane da gangan, sai tasa ta yi ƙara a aljihu. Ya ciro, babban yatsansa ya sauka inda bai nufa ba. Wata muryar mace ta tashi da ƙarfi, tana jan Hausa kamar baƙuwar da ta cika baki da ruwan zafi:

"Ma-lam. Ka sa-yo al-basa da sa-bulu. Ku-ma kar ka ce sa-bis ne."

Shagon ya fashe da dariya. Mai takalmi ya zame ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki. Ɗaya direban ya ce a sake kunnawa. Dattijon ya yi ta dannawa don ya kashe ta, ita kuwa ta sake karantawa daga farko, a nutse.

"Maƙwabci," in ji mai takalmi yana share hawaye, "wannan ai sabuwar ce. Ka danna ke nan?"

"Gwaji nake yi," ya ce. "Dole mai gyara ya san abin da ke cutar jama'a."

Da yamma ya shiga gida da albasa da sabulu, ya ajiye a kan keken ɗinki. Matar ta duba ledar ta ce, "Ikon Allah. Shekara talatin da biyar ina faɗa da bakina ba a ji, yau waya ta faɗa sau ɗaya."

"Sau uku ta faɗa," ya ce. Dariya ta ƙwace masa, ya zauna a kan tabarma. Can ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Yarinyar nan, wace rana ta ce likitan idon yake zama?"

Ashe yanar ido ce ta rufe masa idanun biyu. Aka yi masa aiki ɗaya bayan ɗaya, 'yar na tsaye a kansa, yana ta yi wa likita tambaya a kan irin na'urar da yake amfani da ita da kuma ko ana sabunta ta. Ya warke sarai, sai dai hannu ya riga ya fara rawa, ƙananan sukurorin wayoyin yanzu kuma ba sa haƙuri da rawar hannu. Ya daina buɗe waya. Aikin cikin waya ya riƙa tura shi ga wata mai gyara da ta buɗe shago a bakin layin, wadda yake cewa ba laifi, ta iya, duk da dai ba ta taɓa gyara rediyo ba.

Shi kuma wani aikin ya same shi wanda bai nema ba. Labarin wayar da ke karanta saƙo ya zaga, tsofaffin unguwa suka fara zuwa ɗaya-ɗaya. Wannan a ƙara masa girman rubutu, wancan a nuna masa yadda zai yi magana waya ta rubuta. Da yawansu sun gaji da tambayar 'ya'yansu, masu fizge wayar su gyara cikin daƙiƙa su miƙo ba bayani. Shi ba ya karɓar wayar daga hannun mai ita. Sai ya sa benci a ƙofar shago, ya zaunar da mutum, ya ce, "Kai za ka yi da yatsanka, ni baki ne nawa." Yana koyarwa yana mita, su ma suna taya shi, kowa ya tashi da sauƙi a ransa.

Kwanan baya wata tsohuwa ta zo da sanda, ranta a ɓace. Wayarta ta sabunta kanta ba da izininta ba, ta wayi gari ba ta san inda za ta taɓa ta kira ɗanta da ke aiki a nesa ba. Kwana huɗu ba ta ji muryarsa ba.

"Zauna, Inna. Sa yatsa a ƙasa. Yanzu ja sama, kamar kina ɗaga labule."

Ta ja da ƙarfi har wayar ta kusa tashi daga hannunta.

"A hankali. Labulen ɗakinki ne, ba na maƙwabta ba."

A karo na huɗu ya buɗe. Ya sa ta ta nemo sunan ɗan da kanta, ya nuna mata yadda za ta danne shi ta jawo shi fuskar farko, inda ba zai sake ɓuya ba. Ta taɓa. Aka yi ƙara biyu, sai ga fuskar wani ƙato da hular aiki ta cika gilashin yana cewa, "Inna! Lafiya kwana huɗu?"

Tsohuwar ta ƙura masa ido, ta matso da wayar, ta nisanta ta. Ta juyo wurin dattijon ta ce, "Malam, wannan sabuwar abar ce ta ƙara masa kumatu, ko ci yake yi ba ya aiko min?"

"Wannan kam ba laifin kamfani ba ne," in ji shi. Ya tashi ya ba ta bencin gaba ɗaya, domin ya ga alamar maganar za ta yi tsawo.